Kunyar da Aka Yaba wa Sadiƙa

Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai a bakin tashar Isa ya san Sadiƙa. In bai san sunanta ba, ya san dariyarta. Mace ce da in ta fara zance sai mai kabu-kabu ya kashe babur ya jira ƙarshensa. Tun tana ƙauyensu Turba haka take. To amma akwai lokacin da bakin nan ya mutu murus, kuma ku ji abin takaici, tafi aka yi mata.

Tana da tsohon ciki 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu. Da ƙafa ta shigo Isa tare da uwarta Inna Bilki. Mijinta Jabir kuwa ya kai albasa Maraɗi, hanya ta rufe da shi can. A ɗakin aro ta haifi namiji, aka sa masa Hafizullahi.

Kun dai san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a idon mutane. To bayan suna, sai Sadiƙa ta juya fuska bango. Yaro ya yi ta tsala kuka har murya ta dushe, ba ta waiwaya sai an ɗauko shi an manna mata a ƙirji. Kunun kanwa ya huce a kwano, ƙudaje su yi biki a kai.

Matan barka fa? Sai guɗa.

"Kai Bilki, kin iya reno!" in ji wata Halimatu, mai bakin unguwar. "Wagga ita ta ɗiya. Ba 'yan zamanin ga ba da ka rungumar ɗan fari awa sun samu zinari."

Tana faɗa tana tsotsar ƙashi daga ƙaurin da aka dafa wa mai jego. Suka zauna a gefen shimfiɗar Sadiƙa suka sharɓe romon tas, suna lasar yatsu, suna zuba mata albarka. In ana yi mata wankan jego hawaye ya zubo, su ce zafin ruwa ne, a ƙara ganye. Wuyanta ya zama kamar kara, suka ce shayarwa ce. Babu wadda ta tambaye ta ko ta yi barci, ko me ta gani a hanyar Turba.

Inna Bilki tana gani, amma Sadiƙa ɗiyarta ce ta fari. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "waccan". Sai ta ajiye kwano bakin ƙofa ta juya.

Da hanya ta ɗan lafa, Kaka Zainabu, uwar uban Sadiƙa, ta iso daga Sabon Birni. Ita ba kunya tsakaninta da jika, wasa ne. Tun daga zaure take tsiya.

"Ina mummunar nan? Ashe har ke kin iya haihuwa? Allah shi sa bai kwaso hancinki ba!"

Da can, kafin ta rufe baki Sadiƙa ta ce mata tsohuwa mai haƙori ɗaya. Ran nan shiru. Kaka ta tsaya da sandarta, ta dubi kwanon ƙudaje, ta dubi ƙasusuwan da aka tara.

"Ku fita," ta ce wa matan.

Sai da ɗaki ya rage su biyu Sadiƙa ta yi magana, murya kamar daga cikin tulu. "Kaka, ba kunya ta ba. In na dube shi ban jin komi. Jiya da hantsi na tsaya bakin rijiya da shi, na daɗe ina kallon ruwan."

Kaka ta leƙa waje ta sa aka kira mai babur. Halimatu ta tare ƙofa. "Haba Kaka! Mai jego ta fita ba a yi arba'in ba? Mi mutane za su ce?"

"Su ce abin da sunka ga dama. Kun cinye mata nama, saura ku ci na sadakar ukunta? Za ni kai ta asibiti, kauce."

A asibiti aka ce ciwo ne sananne da ke kama masu jego, yana da magani. Aka ba ta, aka ce a bar ta ta yi barci, a riƙa zama da ita ana hira. Da suka dawo, Kaka ta baje tabarma a ɗakin Sadiƙa, ba ta koma gida ba. A hankali abinci ya fara shiga. Jabir ya dawo ya tarar da sauƙi. Ranar da Kaka ta ce mata mummuna ta amsa da "haƙori ɗaya", tsohuwar nan kuka ta yi.

Yau Hafizu yana gudu tsakanin babura a tasha, uwarsa na ƙwala masa kira da cikakken sunansa, ta ɗaga shi ta sumbace shi a gaban kowa. In ta je barka, ta kan janye tukunyar ƙauri daga gaban baƙi ta ajiye gaban mai jego, ta tambaye ta ko ta yi barci.

Halimatu kuwa, da bakin nan dai da ya tsotsi ƙashi, tana bi gida-gida tana cewa ɗiyar Bilki ta lalace, ta zubar da kunya.