Ranar da Muka Feɗe Ƙaramin Akwati

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da muka feɗe ƙaramin akwatin nan a shagon Malam Isa ba. Ku da kuka shigo sana'ar daga baya ba ku san fiɗa ba, to ku saurara. A ƙungiyarmu ta masu gyaran rasiba da talabijin ta Gusau, duk sabuwar na'urar da za ta shigo kasuwa sai an samo guda ɗaya, a kira mambobi har na Tsafe da Bungudu, shugaba ya kwance ta a gaban kowa. Ya nuna inda wuta ke shiga, da abin da zai fara ƙonewa, da abin da ake iya musanyawa. Ni sakatare in zana a takarda a raba. Ita muke kira fiɗa, kamar ta mahauta.

Malam Isa ne shugabanmu, shi ya koya wa yawancinmu riƙe ƙarfen dalma. Mutumin Nahuce ne, gonarsa na can, amma an daɗe ba ta nomuwa saboda halin da daji yake ciki. Teburin gyara ne abincinsa, kamar mu duka.

Wata biyu kafin ranar, hoton akwatin ya fara yawo a waya. Aka ce ba ruwansa da dish, ta intanet yake jawo fim da ƙwallo. Hoton ta gaba aka ɗauke shi, gaban na'ura kuwa ba ya gaya wa mai gyara komai. Sai muka hau kintace. Ni na ce waya ce aka cire wa gilashi, manhajar ma ta waya ce. Sani Tsafe, wani mamba mai bakin tsiya, ya ce ko aljani aka zuba a ciki, sabis ɗin garinsu sai ya kashe shi. Malam Isa ya ce duk surutu ne. A ganinsa rasiba ce aka ƙanƙanta, dole a sami ɓangaren wuta daban, da kwandensa masu kumbura in wuta ta yi ƙarfi, manhajar kuma mu zuba sabuwa yadda muka saba. Kun san ni da zafin kai, na taɓa ɗaga masa murya a kan wannan, kuma ina jin kunyarsa har yau.

Musun ba na banza ba ne. Aiki ya riga ya ja baya, mutane sun koma kallo a waya, mambobi na ta neman mafita. Malam Isa ne ya riƙe su. Ya ce kowa ya dakata sai an yi fiɗa, akwatin nan zai tayar da sana'a kamar yadda rasiba ta tayar da ita bayan mutuwar bidiyo. A kan maganarsa Sani ya fasa aikin gadin da ƙanin matarsa ya samo masa a Kaduna.

Wani Alhaji mai sayar da kayan lantarki ne ya samo samfuri tun kafin kaya su iso, ya ba mu. Bayan la'asar shago ya cika har baranda. Malam Isa ya yi bisimilla, ya ɗauki sukudireba, ya kifa akwatin. Ya shafa bayansa. Ya gyara tabarau, ya ɓare robar ƙasa ko an ɓoye wani abu a nan. Babu sukuru ko ɗaya, manne shi aka yi.

Wannan ne karon farko da na ga an yi fiɗa da wuƙa. Ya ɗumama ta, ya yi ta bin gefe har murfin ya tsage. Abin da ke ciki bai kai girman katin layin wayar da ba a ɓalle ba, an rufe shi da ƙarfe. Da ya ɗaga ƙarfen sai ga wani baƙin abu an zuba a kai ya daskare. Babu ɓangaren wuta, babu kwandensar da ɗan Adam zai kama, babu ƙofar zuba manhaja. Alhaji ya ce ai masu kayan sun gaya masa daga can suke sabunta ta, in kuma ya lalace sai dai a sayi wani. Ya faɗa ne da fara'a, bai san abin da ya faɗa ba.

Maganata ce ta fi kusa da gaskiya, amma wallahi da na fi son in sha kaye. Na riƙe biro ban zana komai ba.

Malam Isa ya daɗe yana kallon abin, sannan ya ɗago ya ce, "Sani, aikin nan na Kaduna, ka kira ka ji ko yana nan."

"An ba wani, Baba, tun watan jiya."

Bisa tsari, shugaba ne ke rufe taro da addu'a. Ya ɗaga hannu, ya fara ya kasa kai ta ƙarshe, sai ni na ƙarasa masa. Da muka shafa ya ce mu yafe masa, shi ya tsare mu.

Abin da ranar ta koya mini mai ɗaci ne. Mu masu gyara mun ɗauka duk mai ƙera abu ya san wata rana zai lalace, zai bar wa wani talaka hanyar shiga. Ashe sun daina lissafi da mu, ba su ma san muna nan ba. Kuma na ga dattijon da bai taɓa yi mana ƙarya ba ya cuci ɗan'uwansa da kyakkyawan zato. Sani yanzu lodi yake a tasha, da furfurarsa. In na bi ta wajen a kan babur, kau da kai nake yi, shi ma haka.