Akwatin Wutar da Ke Amsa Min Sallama

Jama'a, yau na kori abokin hirata da hannuna!

Kun san akwatin wutar nan na zaurena, mai ƙara zzzz tun bayan rasuwar Alhaji? Da hantsi na dawo daga kasuwa, sai na ji ƙauri. Ƙarar ta koma tas-tas! Na kira Malam Buba mai gyaran wuta. Yana buɗewa ya ce, "Subhanallahi! Hajiya, waya ce ta saki, har ta yi baƙi. Saura kaɗan gidan ya kama!"

Na ce, "Ai ta daɗe tana yi."

Ya ce, "Kuma ba wanda ya ce a duba?"

Na ce, "Wa zai ce? Yaran duk suna Ngawundere."

Ya kashe kuran, wato wutar lantarkin, ya canja wayar, ya ɗaure. Na raka shi waje, na dawo, na yi sallama kamar kullum.

Shiru!

Ashe duk watannin nan ƙarar ce ke amsa min. Wallahi sai da na sake sallama da ƙarfi. Har yanzu ina tsaye a zauren. Don Allah wani ya kira ni.