Mutumin da Ya Kwantar da Sababbin Babura Kafin Ya Saya

Wata rana da hantsi, ana saura kwanaki damina ta faɗi, ina zaune a shagon abokina Alhaji Ila mai sayar da babura a Gombe. Tun muna samari muke tare. Yanzu da ƙafa ta yi nauyi, can nake zuwa in sha inuwa da hira.

Sai ga wani mutum ya yi sallama.

Siriri ne, zai kai shekara hamsin, da furfura a gemunsa. Takalmansa sun sha jar ƙasa. A kafaɗarsa akwai farar kula, irin wadda ake zuba ƙanƙara a ciki.

Ya ce yana son babur na hawa dutse. Dogayen nan masu taya mai haƙora, da ake shiga kwari da laka da su.

Alhaji yana da biyu a lokacin, ja da shuɗi. Idan ka hango su daga nesa sai ka ce gida ɗaya suka fito. Tsayinsu kusan ɗaya, tayoyinsu iri ɗaya, kuɗinsu ma ba wani nisa tsakani.

Amma jan ya fi girman inji, ya fi faɗin tanki. Idan aka tayar da shi, har masu shayin tsallaken titi sai sun waiwayo.

Shuɗin kuwa shiru-shiru ne. Ba wanda yake tsayawa kallonsa.

Akwai dillali a wurin, Nomau, mutum mai daɗin baki. Nan da nan ya miƙe ya dafa jan.

“Malam, kada ka wahalar da idonka. Wannan shi ne babur. Wancan ƙanensa ne da bai gama girma ba.”

Baƙon ya yi murmushi.

Ya ajiye kularsa a inuwa. Ya hau jan, ya gwada ko tafin ƙafarsa yana taɓa ƙasa. Ya hau shuɗin, ya gwada. Ya durƙusa ya auna da hannu tsakanin cikin kowane inji da ƙasa. Ya matsa birki, ya matsa kuloci. Ya tambayi wanne ne ake samun kayan gyaransa a ƙananan garuruwa.

Alhaji ya ce duka biyun ana samu.

Baƙon ya zaga da kowannensu ta bayan kasuwa ya dawo. Ya ce gaskiya jan ya fi daɗin hawa, ya fi jan tudu.

Nomau ya fara murza hannu. Mu duka mun ɗauka ciniki ya faɗa.

Sai mutumin ya juyo ya ce, “Alhaji, saura abu ɗaya. Ina so ka ba ni izini in kwantar da su a ƙasa.”



Wanda ya san masu sayar da babura ya san ba a yi musu haka. Sabon babur ko jingina da shi ba sa so a yi, balle a kwantar.

Alhaji ya cire tabarau ya dube shi.

“Malam, sayen babur ka zo yi, ko kayar da shi?”

“Alhaji, dutse zai kayar da shi ko ina so ko ba na so. Gara in san yadda za mu ƙare da shi tun a nan, inda akwai mutane.”

Alhaji ya nuna masa benci. Mutumin ya zauna, ya ba mu labari a taƙaice.

Ma'aikacin lafiya ne. Shi ke kai allurar rigakafin jarirai wasu ƙauyuka uku a kan duwatsu. Allurar ba ta son zafi. Ƙanƙarar da ke cikin kular nan, idan ya fita da asuba, iyakarta azahar. Da ta narke, maganin ya lalace, sai zubarwa.

Ƙauyen da ya fi nisa, shekara biyu ya yi yana lallashin mai garinsu kafin ya yarda mata su fito da ’ya’yansu.

Bara da damina aka sa rana. Ya ari wani babban babur ya kama hanya. A wani kwari, santsi ya kwashe shi, babur ya kwanta cikin laka.

Bai ji ciwo ba. Babur ɗin ma lafiyarsa lau.

Ɗagawa ce ta gagara.

Ya yi ta fama shi kaɗai. Ba gida kusa, ba mai wucewa, waya ba ta kamawa. Yana zaune yana jin ƙanƙara na komawa ruwa a cikin kula.

Sai bayan la'asar wasu makiyaya suka biyo suka taimaka masa.

Can a ƙauye, mata sun wuni ƙarƙashin tsamiya da goyo a baya, sun bar gonakinsu. Da yamma suka watse.

Mai garin ya aiko masa da saƙo cewa ya ba shi dama ɗaya tak a bana. Idan ya sake zaunar masa da mata a banza, kada ya ƙara hawowa.

“Alhamis ta sama ce ranar,” in ji shi.

Alhaji ya tashi ya shiga ɗakin ajiya, ya jawo tsohuwar katifar da yake kishingiɗa a kai bayan azahar, ya shimfiɗa a ƙofar shago.

“Bismillah.”

Mutumin ya sa aka cika tankunan biyu da mai, domin a kan hanya ba da tanki wofi ake faɗuwa ba. Ya ɗaura jarkar ruwa a bayan kowanne a madadin kaya.

Aka kwantar da jan a hankali.

Ya juya masa baya, ya tsuguna, ya kama hannun babur da hannu ɗaya, ƙarfen baya da ɗayan. Ya tura da ƙafafu. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Da ƙyar jan ya miƙe.

Nomau ya tafa. “Ka gani? Ai ka ɗaga. A rubuta takarda.”

“A sake kwantar da shi,” in ji mutumin. “Hanyar can ba sau ɗaya take kayar da mutum ba.”

Karo na biyu ya kai shi rabi, ya kasa ƙarasawa, ya mayar da shi kan katifa.

Ya sha ruwa, ya huta, aka kwantar da shuɗin.

Ya ɗaga. Aka mayar, ya ɗaga. Aka mayar na uku, yana haki, zufa ta jiƙa masa riga, ya ɗaga.

Ya dafa kujerar shuɗin ya ce, “Wannan ne nawa.”

Nomau ya ce, “To, ka bar sarkin babura ka ɗauki ɗan aikensa.”

“Ni ma ai ɗan aike ne, Malam Nomau.”

Bayan mako biyu ina shagon sai ga mutumin ya zo canjin baƙin mai. Madubi ɗaya ya fashe. Gefen tankin ya ƙuje har ana ganin ƙarfe.

Alhaji ya shafa wurin ya ce, “Sau nawa?”

“Sau biyu. Ɗaya a wancan kwarin.”

“Ƙanƙarar fa?”

“Da na gama yi wa jariri na ƙarshe, akwai saura. Matar mai gari ta roƙa, ta jefa a randa.”

Har yau ban san sunan mutumin nan ba. Amma katifar Alhaji ba ta koma ɗakin ajiya ba. Tana nan jingine a bakin shago. Duk wanda ya zo sayen babur na dutse, kafin a yi maganar komai, sai Alhaji ya nuna masa ita.

Darasi: Kafin ka ɗauki abu, ko sana'a ce, ko muƙami, ko alkawari, kada ka tsaya ga kyansa ranar da yake tafiya daidai. Tambayi kanka ko za ka iya tayar da shi kai kaɗai ranar da ya faɗi, sannan ka sake tayarwa in ya kuma.

Idan kana da ɗan'uwa da ke tsaye yanzu tsakanin ja da shuɗi, tura masa wannan ya karanta kafin ya zaɓa.