Gawar Baba Nomau

Ranar wata Laraba, a daminar da nake aji biyar, na ga mahaifina ya ɗora gawa a amalanken jaki ya kama hanyar da kowa ke gudu. Lokacin muna zaman gudun hijira a wata firamare cikin garin Faskari, bayan 'yan bindiga sun kore shanunmu sun cinna wa rumbuna wuta. A aji muke kwana, mata su yi shanya a tagogi, mu yara kuwa aikinmu ɗiban ruwa da tsintar kara, sai langa a filin makaranta ranar da ciki ya samu.

Gawar ta Baba Nomau ce, maƙwabcinmu Bamaguje, wanda kunya ɗaya ta raba gonarsa da tamu. Tare suke gayya da Babanmu, kuma ɗorawarsa muke sha har bakinmu ya yi rawaya bai taɓa korarmu ba. Ɗiyansa sun watse a gudun, don haka da zawo ya kwantar da shi ni ke kai masa kunu. Mutane suka yi ta lallashinsa ya karɓi kalmar shahada, in ba haka ba ba shi da wuri a maƙabartar gari. Tsohon nan akwai taurin kai! Ya yi musu godiya, sannan ya kama hannun Baba ya ce, "Malam Isa, ka maishe ni gindin ɗorawar ubana. Can namu suke."

Da ya cika, Inna ta yi kuka ta yi faɗa, ta ce wa zai riƙe mu in aka kashe shi saboda gawa. Wasu suka ce ina ruwan Musulmi da wannan jidali. Baba dai ya aro jaki, abin da ya faɗa kawai shi ne, "Alkawari kaya ne."

Wuni na yi a bakin ƙofar makaranta. Duk ƙarar babur da na ji sai in leƙa hanya. Wallahi ranar na tsani Baba Nomau, na manta da ɗorawarsa kaf. Sai washegari da hantsi Baba ya ɓullo, ba jaki, ba takalmi, bayansa duk shatar bulala. 'Yan bindiga sun tare shi a tafiya, suka sa ya kwance tabarmar da ya naɗe gawar, da suka ga tsoho ne suka bar shi ya wuce. A dawowa suka ƙwace jakin suka zane shi. Shi kaɗai ya haƙa kabarin. Ya sha ruwa, ya dubi Inna ya ce ya kai shi.

Yau ƙauyenmu kufai ne, hanyar har yanzu ba ta biyuwa, Baba kuma ya tsufa a ɗakin haya. Kwanan baya ya kama hannuna ya fara zancen inda iyayensa ke kwance. Ban ce to ba, amma na kasa janye hannun.