Yatsan da Ba Ya Shan Lalle

Jiya ina koya wa ɗalibaina yadda matan Arewa suka samu 'yancin jefa ƙuri'a, sai wata yarinya ta ɗaga hannu, yatsunta jawur da lalle. Nan take Gwaggo, yayar mahaifina, ta faɗo mini a rai.

Ita in zaɓe ya matso, ko bikin wa ake yi, babban yatsanta ba ya shan lalle, don an ce na'urar tantancewa ba ta karanta yatsa mai ƙunshi. A bikina ma haka ta yi, matan gida suna ta yi mata tsiya.

"Ku yi dariyarku," in ji ta. "Sai da na yaye 'ya'ya uku ina leƙen layin maza ta jikin zana, kafin aka ce mu ma mutane ne."

Zaɓenta na ƙarshe ni na raka ta firamaren ƙauyenmu. Na'ura ta ƙi yatsan, surfe da sussuka sun cinye zanensa. Baba, da ya biyo mu, ya ce, "Yaya, mu koma gida, rana ta yi."

Ta zauna a gindin darbejiya tana goga yatsan a zaninta mai ƙamshin man kaɗe. "A da maza ne suka hana ni, yau kuma inji. Na saba jira."

Ba ta tashi ba sai da ta dangwala.

Allah Ya haskaka kabarinki, Gwaggo, Ya sa kada jikokinki su gaji da layi.