Shanya a Filin Baffa

Idan rana ta daki shinkafar gumi a kan siminti, akwai ƙamshin da take yi, mai ɗumi kamar na tuwon da aka buɗe yanzu. Da wannan ƙamshin nake cin abinci, don sana'ata ke nan: in sayi shanshera, in turara, in shanya, in kai inji. Amma shekara biyu ke nan ba na son jin sa. Da ya bugi hancina sai Baffa ya faɗo mini a rai.

Baffa ƙanin mahaifina ne, gida ɗaya muka tashi muka gan su. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga zaure. Shi ne kocin ƙwallon kwando na kwalejin da ke bayan garinmu, gefen babban kanal na ruwan noman rani, kuma ya fi shekara talatin a kan wannan aiki. A garin da kowa ke maganar tumatir da taki da ranar sakin ruwa, ka san ba zai rasa masu tsokana ba. Goggo, matarsa, kan ce, mutane na cika kwando da tumatir, shi yana koya wa ƙarti jifa a kwandon da ba shi da gindi. Murmushi kawai yake yi. Ni kuwa Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini, kuma ni kaɗai ce mace a gidan da ya koya wa yadda ake sakin ƙwallo daga kan yatsu.

Filin nasa siminti ne sumul, shi kaɗai ne irinsa a duk yankinmu. Bayan sallar asuba shi da kansa yake share shi. Idan layukan suka koɗe, shi yake durƙusawa da gwangwanin farin fenti. Da yamma daga tsakar gidanmu muna jin dukan ƙwallo, dim, dim, da ƙarar usur ɗinsa. Ana kiran la'asar sai komai ya tsaya cak, ko da ƙwallo na hannun wanda zai ci. Butoci na jere a gindin bishiyar maina. A filin yake jan salla, ɗalibansa Kiristoci su zauna a inuwa suna tsaron ƙwallaye, ranar Lahadi kuma ba ya kiran su atisaye. Ban taɓa jin ya zagi alƙalin wasa ba. Ya kan ce filin nan amana ce, kuma za a tambaye shi a kanta.

Abin ya faro ne daga gidanmu. Wata shekara ruwan ƙarshen damina ya zarce, ya sami shinkafar mahaifina a masussuka, har ta fara tsiro. Ina zaune ina tsince wake mahaifina ya sami Baffa a zaure.

"Ɗalibanka suna hutu," in ji shi. "Ka ara mini simintin nan kwana uku, ko na tsira da rabi."

Baffa ya ɗago ya dube shi. Sannan ya ce, "To Yaya, kwana uku."

Shinkafar ta bushe ƙayau, babu yashi babu tsakuwa, har mai inji ya tambayi inda aka shanya ta. Kafin mako ya zagayo maƙwabcinmu ya zo, bayansa wani bafulatani mai gona a ƙasan kanal, bayansa mata masu gumi suka aiko. Da Baffa mai tsauri ne da ya kore su, kuma shugaban kwaleji ya bar masa wuƙa da nama. Amma abin da ya tsaya masa a rai shi ne ya riga ya ba ɗan'uwansa. Na ji yana gaya wa Goggo cewa ba zai iya tsayawa gaban Allah ya ce ya ba na gida ya hana na waje ba. Tsoron Allahn da ya sa yake kula da filin, shi ne ya sa ya kasa hana shi. Har yau idan na tuna wannan sai zuciyata ta yi nauyi.

Da farko an yi tsari, safe na masu shanya, yamma ta 'yan wasa. Amma shinkafa ba ta san ƙarfe huɗu ba, idan ba ta bushe ba ba ta bushe ba. Ga shi a wajenmu noma ba ya ƙarewa, ana gama na damina na rani ya shigo. Manjagara ta kankare layukan. Motocin ɗaukar buhu suka tsattsaga simintin. Wata yamma wani ɗalibi ya taka ƙwayoyin da suka maƙale a tsaga, ya zame ya karya hannu. Daga nan yaran suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya zuwa filin ƙwallon ƙafa. Shekarar da Baffa ya yi ritaya ba a ɗauki wani koci ba.

Duk da haka bai daina zuwa ba. Bayan na yi aure na kama sana'ar gumi, ni ma can nake aika tawa, kamar kowa. Yaran da ke yi mini shanya su dawo su ce sun ga tsohon a gindin maina da ƙwallo a hammata, yana kora musu awaki. Da ciwo ya kwantar da shi na je gaishe shi, ya kama hannuna.

"Uwata," ya ce, "idan ta Allah ta kasance, a yi mini salla a filin nan. Nan goshina ya fi sani."

Na ce, "In sha Allahu, Baffa." A gaban maigidana da limamin unguwa ya faɗa.

Ya rasu da asubar wata Talata, ana tsakiyar kaka. A ranar ina da gumi tukunya shida da aka sauke, jiƙe sharkaf, kuma duk mai sana'ar ya san idan ta wuni a rufe tsami za ta yi. Ina kuka ina saka mayafi yaran suka tambaye ni, a fitar ko a bari? Ba zan yi maka ƙarya ba, wasiyyar tana raina a lokacin. Na ce a raina filin na da faɗi, gefe ɗaya kawai za ta ci. Na ce su fitar.

Ashe kowa haka ya ce a ransa. Maigidana ne ya ba ni labari da suka dawo daga maƙabarta. Sun iso da makara suka tarar da filin a rufe daga ƙarfen wannan kwando zuwa na wancan, babu inda mutum zai sa ƙafa. Tsofaffin ɗalibansa da suka zo daga Kano har sun fara naɗe hannun riga za su kwashe, masu shanya suka ce dukiyar mutane da yawa ce, idan ta cakuɗe wa zai raba? Rana na yi, gawa ba ta jira. Liman ya ce ƙasar Allah duk ɗaya ce. Suka yi masa salla a bakin hanya, cikin ƙura, motoci na wucewa.

Na tambayi maigidana shinkafar waye ce a tsakiyar filin, wurin da Baffa ke tsayawa ya ja salla. Sai kawai ya ɗauki buta ya fita.

Yanzu an cire allon kwandon gefe ɗaya, ɗayan ƙarfen kuma a jikinsa ake ɗaure tamfol idan hadari ya taso. 'Ya'yana ba su san an taɓa wasa a wurin ba, mashanya suke ce masa. Na yi istigfari, na yi masa sadaka, amma abin bai bar ni ba. Na so a ce na daina aika shinkafata can. Ban daina ba, don har yau babu wani siminti a garin. Ko yau da safe buhu huɗu aka fitar.