Atamfar da Haruna Ya Shanya a Kan Teku

Haruna ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina cikin ɗaga ƙofar shago. Ɗansa Yasir ne ya kira. Da Larabci ya fara, sannan ya tuna da wa yake magana, ya ce, "Ammi Sale, Baba ya tafi." Ammi, wato baffa, haka yake kirana. Na bar ƙofar a rabi na zauna a bakin dakali. Har yanzu ban ƙarasa buɗewa ba, daga nan nake rubuta wannan.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Muhandis Haruna abokina ne tun muna yara a unguwar Nakkasa a nan Makka, gidansu na saman namu a kan dutse. Ni na tsaya a sayar da atamfa a titin Mansur, shi ya bi karatu har ya zama injiniya, wato muhandis. Kai ne da shi mai ban haushi. Rediyon babana ya taɓa kwancewa gaba ɗaya ya mayar, ni kuwa na sha dukan.

Bai taɓa ɗaga mana kai ba. Duk zuwansa Makka sai ya leƙo shago, ya cire shimagin da ke kansa ya hau kujera ya duba min mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana cewa zafin shagona zai kori mata su koma wajen maƙwabcina.

Lokacin da aka zo rushe unguwarmu, Innata ta ce babu inda za ta, ƙafafunta ba sa iya matakalar nan. Haruna ya baro wajen aikinsa ya zo ya goya ta har gindin dutse. Tana zaginsa yana dariya.

Shekara da shekaru in ka tambaye shi aikinsa sai ya ce, "Shughul ne, aiki ne kawai, ya Sale." Sai daga baya ya gaya min iya abin da ya halatta ya faɗa. A wani kamfani yake, ba zan kama suna ba, suna ƙera ƙaramin makami mai linzami wanda helikwafta ke harbawa kan jiragen ruwa. Ba manyan jiragen yaƙi ba. Ƙananan nan masu gudu, irin waɗanda ake cika wa bam a auka wa babban jirgi da su. Dole makamin ya zama mara nauyi don helikwafta ta ɗauki da yawa.

Na ce masa, "Kai da ba ka iya yanka kaza?"

Bai yi dariya ba. Ya tuna min da kakarsa, Iya Hauwa, wadda ta taso daga Kano a ƙafa, ta yi shekaru a Sudan, sannan suka haye Bahar Maliya cikin wani jirgin katako, mutane a cunkushe. Tun muna yara take ba mu labarin yadda ta ɗaura zanenta a kan igiya don ta yi wa jaririnta inuwa. Jaririn nan shi ne baban Haruna.

"Daga sama," in ji shi, "jirgin Iya da jirgin ɗan bam duk ɗigo ɗaya ne. In ban shiga aikin nan ba, wani zai yi wanda bai san Iya ba."

Ɓangarensa biyu ne, shi yake kiransu ido da birki. Ido kamara ce a hancin makamin. Birki kuwa hanyar da hoton ke komawa ga sojan da ya harba, yana kallo a sikirin har zuwa ƙarshe. In ya ga masunta ne ko matafiya, sai ya karkatar da shi ya faɗa ruwa. A kan wannan birki Haruna ya ƙarar da ƙuruciyarsa.

Wata rana ya shigo shago ya ce in ba shi turmin atamfa, wadda ta fi kowacce ihu. Na zaro masa wata ja da ruwan ɗorawa wadda ta daɗe tana ba ni kunya.

"Ummu Yasir ta san da wannan?" na tambaye shi. "Ko amarya za a yi mana a ɓoye?"

"Amaryar tana teku," ya ce. "Naɗe min, yalla, yi sauri."

Ashe gwaji za su yi. Yadda suke yi, sai a jawo wani tsohon jirgi wanda ba kowa a ciki, a kai shi tsakiyar ruwa a harbe. Kullum tsirara ake kai jirgin. Haruna ya yi ta naci wajen shugabansa har aka bar shi ya ɗaura igiya ya shanya atamfata, ya ajiye tukunya da komar kamun kifi. Wanda zai harba ba a gaya masa ba.

Aka harba. Saura ƙiris, mutumin ya hango zane yana kaɗawa a iska, ya karkatar da makamin ya faɗa ruwa. Ya sauko, ya zaci ya kusa hallaka iyalin wani.

Wasu manyan sun ji haushi, an yi asarar makami mai tsada. Haruna ko a jikinsa. Ya taho Makka kai tsaye, ya saya wa duk layinmu tsire, yana ta maimaitawa kamar wanda aka yi wa haihuwa: "Ya gani, ya Sale! Wallahil azim ya gani!"

Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba, kuma ban sake gani ba.

Da aka zo sabon samfuri, masu saye suka ce ba sa son birki. Yana ƙara nauyi. Abokin gaba na iya toshe hoton a hanya. Kuma helikwafta sai ta tsaya jira, ana iya kakkaɓo ta. Suna son wanda za a harba a juya a tafi, shi da kansa ya zaɓi abin da zai daka.

Haruna ya yi musu daga wannan mitin zuwa wancan. Abin da ya fi cinsa shi ne ya san ba ƙarya suke ba. "Su ma yaran da ke cikin helikwaftar suna da uwaye," haka ya ce min. Amma bai yarda ba. Suka gode masa, suka ba shi wani allon yabo, suka mayar da shi ofishin da ba a tambayarsa komai. Bai daɗe ba ya ajiye aikin ya dawo gida.

"Birkin suka cire," ya ce. "Idon sun riƙe. Idon nan nawa ne, kuma yana gani sosai."

Daga nan ban ƙara gane abokina ba. Ga sukari, ga ciwon zuciya, ga labarai da ya ƙi daina kallo. Duk sanda aka ce an nutsar da wani ƙaramin jirgi a wani teku, wayata za ta yi ƙara.

"Ka gani?"

Sai in ce, "Haba Haruna, kamfanoni nawa ke ƙera irin wannan? Ba naka ba ne."

"Ka tabbata?"

Ina zan tabbata? Atamfa nake sayarwa.

Na haɗa shi da malamai 'yan gida, daga ƙasar Hausa, da ke karatu a nan. Suka yi masa magana mai kyau a kan niyya da faɗin rahamar Allah. Ya saurara, ya yi godiya, ya raka su har bakin titi. Ummu Yasir ta ce ko a ranar bai taɓa abinci ba.

Ganinmu na ƙarshe makon jiya ne, bayan la'asar. Ya shigo yana dogara sanda, da leda a hannu. Atamfar ce. Gishiri da rana sun cinye jan, ta koɗe, amma ko ƙuna ɗaya babu a jikinta.

Na ce, "Muhandis, ka san dokar shagon nan. Kayan da aka saya ba a dawo da su."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ajiye min, ya akhuya, ɗan'uwana. Yasir bai san ko mece ce ba, zai zaci tsumma ce ya zubar."

Ya shafa ta da tafin hannu.

"Sau ɗaya dai an duba kafin a daka," ya ce. "Sau ɗaya. Khalas, shi ke nan."

Na karɓi ledar na ajiye. Gidansu da namu an baje. Iya Hauwa ba mai tuna ta sai ni, ni ma tafiya ta kusa. Makamin ana nan ana ƙera shi, kuma mutum ɗaya da na sani yana ta da murya a kan birki, anjima bayan la'asar za mu sallace shi a Harami. Raina a ɓace yake, kuma ban ga ta inda abin zai gyaru ba.

Ledar tana ciki, a ƙarƙashin teburin awo. Ita ce ta hana ni ƙarasa buɗe ƙofar nan.

Ya Allah, Kai ka ga abin da Haruna ya so ya yi, ka ga abin da aka yi da aikinsa. Ka yi masa hisabi da na farkon. Ka gafarta masa, ka sanyaya makwancinsa, ka ba shi hutun da ya rasa a duniya. Ka ba Ummu Yasir da yara haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah kada ka wuce ba ka yi masa addu'a ba. In ka gama, ka ƙara da ta mutanen da ke cikin ƙananan jirage a kan teku yau, da tukwanensu da shanyarsu. Allah ya tsare su da kansa, don mai duba musu ya rasu.